Kira ga Hukuma daga Babura: A Ware wa Binciken Jama'a da Harshensu Kasonsa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, Malam Umar Namadi. Da shugabannin Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wato TETFund. Da hukumar Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura. Da wakilanmu a majalisun Dutse da Abuja. Da iyayenmu Masu Martaba Sarakunan Ringim da Kazaure.

 

Ni tsohon malamin makaranta ne a nan ƙasar Babura, alli ya ci min yatsu shekara talatin da 'yan kai kafin na ajiye. Ba ni da wata kujera, ba ni kuma neman ta. Zan fara da godiya, domin wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa jami'ar fasaha a garinmu, aka ware mata naira biliyan 4 daga TETFund don ta kama aiki. Mu da muka taso in za a yi karatu mai zurfi sai a ɗaure akwati a nufi Kano ko Zariya, mun san girman wannan alheri. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga jami'o'in Dutse da Kafin Hausa. Gine-gine kam an yi, Allah ya saka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kuɗin bincike, kuma ba kowane bincike ba: wanda ya shafi mutane, yadda suke zaune da juna, dalilin da ya sa suke yin abin da suke yi, da harshen da suke magana da shi. Wannan fanni shi ne maraya a rabon kuɗin gwamnati, kuma mu mutanen bakin iyaka mu muka fi ɗanɗana maraicinsa. Ku yi min haƙuri in fara da abin da idona ya gani.

Wata shekara da rani, wata ƙungiya da ba zan ambaci sunanta ba ta ɗauke mu aikin tambayoyi a ƙauyukan arewacin Babura. Aka yi mana horo na kwana uku a Kano, aka ba kowa 'yar na'ura mai kamar allo, tambayoyin na ciki da Turanci, an fassara su da wata irin Hausa ta ofis. Gidan farko da na shiga, maigidan dattijo ne, ya shimfiɗa min tabarma a zaure, aka kawo ruwa a kwanon sha. Na karanta masa tambaya: awaki nawa gare ka? Ya ce ba shi da ko ɗaya. Ina jin haka ga kukan awaki ya cika cikin gida, wata ma ta leƙo zauren tana cin gefen tabarmar. Ba ƙarya ya yi ba. Awakin na matan gida ne, kowace da nata, shi ba ya da iko ya sayar da ko ƙafa ɗaya. Na'urar kuwa gurbi ɗaya ta tanada, na maigida, don haka sifiri ta rubuta.

Muka zo kan gona. Ya tambaye ni, "Malam, gandu kake nufi ko har da gayaunin yara?" Na duba na'ura, ba ta san gandu ba, ba ta san gayauna ba. Muka zo kan 'ya'ya, ya lissafa, ya tsallake na fari, saboda kunyar ɗan fari da duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya sani. Ya kuma tsallake biyu da suka tafi ci-rani, amma ya saka almajirai uku da ke kwana a zaurensa, tunda daga tukunyarsa suke ci.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce tambayar abinci. Abokiyar aikinmu ta shiga wajen uwargida ta tambaye ta sau nawa ta ci abinci jiya. Ta ce sau ɗaya, da dare. Gaskiya ta faɗa: tuwo sau ɗaya ta ci. Kokon safe da furar rana ba cin su ake yi ba, shan su ake yi. A gida na gaba kuma, inda ko hayaƙi ba mu ga alamar an tayar ba, matar ta ce "Alhamdu lillahi, mun ci," domin ba za ta tona asirin mijinta a gaban baƙuwa ba. Na'ura ta rubuta mai ƙoshi a layin mayunwata, ta rubuta mai yunwa a layin ƙosassu. Da muka kai kuka ga shugaban tawaga, ya ce ba shi da ikon taɓa ko wasali, daga sama aka aiko da tambayoyin. Aka biya mu kuɗin kwanakinmu, aka karɓe na'urorin. Har yau ban ga rahoton ba, dattijon nan ma bai gani ba, amma na tabbata an buga shi da jadawali masu launi, wani kuma ya yi kasafi da shi.

Ranku ya daɗe, da irin waɗannan alƙaluma ake raba taki, ake tsara tallafi, ake yanke hukuncin inda za a gina asibiti. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Rahoton talauci na ƙasa da aka fitar a 2022 ya sa Jigawa cikin jihohin da abin ya fi tsanani, ba na kuma musun cewa akwai talauci, muna cikinsa. Amma sanin cewa akwai ciwo daban, sanin inda yake daban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai mai ɗakin nan ba a taɓa ba shi kuɗin hawa rufi ya duba ba.

Ba wai babu asusun da zai biya irin wannan aiki ba ne. Akwai shi, kuma tarihinsa abin alfahari ne. Gwagwarmayar malaman jami'a ta 1992 ce ta haifi dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka mayar da shi TETFund, ya koma na manyan makarantun gwamnati kaɗai. Daga baya harajin ya hau zuwa kashi 2.5, sannan kashi 3 a 2023. A cikinsa akwai Asusun Bincike na Ƙasa, wanda aka fara da naira biliyan 3, ya kai biliyan 5 a 2019, biliyan 7.5 a 2020, biliyan 8.5 a 2021. An kasa shi gida uku: kimiyya da fasaha, ilimin zamantakewa da al'adu, sai wanda ya haɗa fannoni. To, a duba rabon zagayen 2023. An amince da bincike 185 a kan kimanin naira biliyan 5.1. Kimiyya da fasaha suka kwashi wajen biliyan 3.78. Ilimin zamantakewa da al'adu, wanda a cikinsa ne harshe da tarihi da tattalin arziki da halayyar ɗan Adam da ilimin koyarwa duk suke cunkushe, ya tashi da kimanin miliyan 760, abin da bai cika kashi 15 cikin 100 ba. Wannan na ƙasa ce baki ɗaya, mai harsuna fiye da 500.

Ban ce a rage wa masu ɗakin gwaji ba. Na san injin awo guda ɗaya yana iya cinye kuɗin da zai riƙe mai nazarin harshe shekara biyar. Ai wannan ma hujja ce a gare mu: aikinmu ba shi da tsada. Na'urar ɗaukar murya, kuɗin man babur, ɗan abin da za a ba tafinta da mai masauki, da lokacin zama a ƙauye. Abin da ya fi ƙaranci shi ne lokacin, domin malamin da ke koyar da aji mai ɗalibai ɗari huɗu ba ya iya tafiya Kuzunzumi ya yi wata uku.

Sannan hanyar neman kuɗin ita kanta tana da tsani mai tsawo. Sai an aika taƙaitaccen bayani ta intanet, a tace. Wanda ya tsallake ya rubuta cikakken tsari, a sake tacewa. Wanda ya rage ya je ya kare aikinsa a gaban kwamiti. Tsari ne mai kyau don toshe son kai, ban ƙi ba. Amma wa ya fi iya hawa wannan tsani? Tsofaffin jami'o'i masu shehunan malamai rututu, waɗanda suka saba da salon rubutun, suka san abin da kwamiti ke son ji. Jami'ar da aka haifa jiya, da kwalejin da malamanta ba su taɓa ganin tsarin da ya yi nasara ba balle su kwaikwaya, sai su tsaya kallo. Akwai ƙaramin tallafin bincike da ake bai wa kowace makaranta ta raba wa malamanta, wanda a baya ya daɗe iyakarsa naira miliyan 2 ga kowane aiki. A farashin yau, wanda ya sayi mai ya yi zirga-zirga tsakanin Roni da Gwiwa da Babura na wata shida zai gaya muku inda miliyan 2 take tsayawa.

Wani zai ce, me ya haɗa gwamnati da kuɗin sauraron hirar tsofaffi? Amsar tana kan kantar kowane malamin Hausa. Ƙamus ɗin Bargery, wanda aka buga a 1934, gwamnatin Nijeriya ta lokacin ce ta sa a yi shi. Mutumin ya shafe fiye da shekara goma yana yawo ƙasar Hausa, yana rubuta kalma yana sa mata alamar inda ya ji ta, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Haɗeja, ko Daura. Shekara casa'in ke nan, har yanzu in gardama ta kaure a kan wata tsohuwar kalma, wurinsa ake komawa. Gasar rubutun 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, hukumar gwamnati ce ta shirya ta. M. G. Smith da ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, majalisar binciken zamantakewa ta gwamnatin Ingila ce ta biya. A wannan zama ne matarsa Mary ta rubuta labarin Baba ta Karo daga bakinta, labarin da ya adana mana rayuwar macen karkara tun kafin zuwan Turawa. Smith ne kuma daga baya ya rubuta tarihin mulkin Daura, maƙwabtanmu, aka buga a 1978. Turawan mulki ba don ƙaunarmu suka kashe wannan kuɗi ba. Sun gane cewa ba a mulkin mutanen da ba a sani ba. Abin kunya ne a ce baƙo ya fi ɗan gida gane wannan.

Wanda ya fi kusa da manomi shi ne aikin David Norman a Samaru. A shekarun 1960 malaman gona suna ta fama da manoma su daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, su riƙa shuka iri guda a layi, suna ganin haɗin jahilci ne. Norman da abokan aikinsa suka zauna a ƙauyukan Zariya, irin su Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, suna auna aikin manomi da abin da ya girba, mako bayan mako. Sakamakon ya nuna manomin ne mai gaskiya: haɗin ya fi ba da riba a kan wahalar da aka sha lokacin noman farko, ya kuma fi tsare gida daga asara in damina ta yi gardama. Ba a ƙirƙiro wani iri ba, ba a ƙera wani inji ba. An tambayi mutum dalilinsa ne kawai, aka kuma auna. Haka Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya riƙa komawa ƙauyen Dagaceri da ke gabashin jiharmu fiye da shekara goma bayan farin 1973, yana rubuta yadda iyalai ke tsira: wa ya tafi ci-rani, me aka sayar da farko, wane ganye aka koma ci. Littafinsa na 1989 ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ina so in san mutum nawa ne a sakatariyar Dutse suka taɓa buɗe shi.

Ga kuma misalin da ya fi ba ni takaici. A Amurka akwai gidauniyar kimiyya ta gwamnati, NSF, wadda aka kafa a 1950, tana da reshe guda sukutum na ilimin zamantakewa da halayya da tattalin arziki, har da nazarin harshe. Da kuɗin wannan gidauniya marigayi Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba suka yi aikin harsunan Yobe tun daga farkon shekarun 2000, suka fitar da ƙamus na Bade da Bolanci da Ngizim da Karekare da sauransu, tare da masu harsunan. Harajin mutumin Amurka ne ya rubuta kalmomin Gashuwa da Potiskum. Mu kuwa a nan Jigawa muna da harsunan da ba su samu wannan gata ba. Auyokawa suna da harshensu, Teshenawa na ƙasar Kafin Hausa suna da nasu, dangin Bade ne, haka Shirawa a maƙwabta. Duk sun mutu. Abin da ya saura 'yan jerin kalmomi ne da wasu suka tsinta kafin tsofaffin ƙarshe su kwanta dama. Ba yaƙi ne ya kashe su ba, Hausa ce ta haɗiye su a hankali, ba kuma wanda ya zo da littafi a kan lokaci.

Kada mu ɗauka Hausa ta fi ƙarfin irin wannan asara don tana da masu magana miliyoyi. Harshen ba zai mutu ba, amma kare-karensa suna zubewa. Babura tana zaune ne a mahaɗar Kananci da Dauranci da Hausar Damagaram. Tsohuwar da ke sussuka a Insharuwa tana da sunayen gero da na ƙasa da na iskar damina waɗanda jikarta mai wayar hannu ba ta sani ba, ni ma da na koyar da Hausa sai na tambaya. Fulanin Kazaure da Roni da yawa sun bar Fulatanci, jikoki sai gaisuwa. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta yi namijin ƙoƙari da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, amma cibiya ɗaya ba za ta taka kowane ƙauye ba.

A kan halayya kuwa, ba sai na tsawaita ba, darasin shan inna ya ishe mu. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano da wasu jihohi, sai a Yulin 2004 aka dawo, cutar kuwa ta riga ta tsallaka ƙasashe kusan ashirin. Maganin yana nan, sanyinsa bai ɓaci ba, ma'aikata suna nan. Yarda ce babu, kuma rashin yardar tana da tushe, har da abin da ya faru a gwajin maganin Trovan a Kano a 1996. Sai da aka koma aka saurari mutane, aka shigo da sarakuna da malamai, kafin a kai ga 2020 da aka ayyana Nijeriya ta rabu da cutar. Da an kashe kaɗan wajen tambaya tun farko, da ba a kashe mai yawa wajen lallashi ba.

Yanzu in dawo gida. Iyakarmu da Nijar, wadda Turawan Ingila da na Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa dangi ne, ba daji ba. Mutumin Babura yana da gwaggo a Magarya, yana da suruki a Damagaram. A Agustan 2019 aka rufe iyaka har zuwa Disambar 2020. A tsakiyar haka aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A farkon 2023 canjin kuɗi ya ƙafar da kasuwanni, muka ga mai akuya yana yawo da ita ba mai takardar kuɗin saya. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris ɗin 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa farashin gero da riɗi da zoɓo, ya taɓa aure da zumunci, ya sauya hanyar samari. Wa ya zauna ya rubuta abin da ya faru da gida ɗari a Kanya ko Garu ko Takwasa a waɗannan shekaru? Wa ya bi sawun yaran da suka bar makaranta suka kama fito da jarka a babur, ya ga ina suka ƙare? In gobe wata gwamnati ta so sake rufewa, da wace takarda wakilinmu zai miƙe a majalisa? Ko lissafin kuɗi a bakin iyaka sai mai kunne: jaka a wannan gefe naira 200 ce, jika a wancan gefe sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. Baƙon mai bincike da ya zo da tafintan birni zai rubuta ciniki ya koma da shirme.

Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura. Injiniyoyi sun auna ƙasa taku-taku. Mutanen da jirgin zai ratsa gonakinsu da kasuwanninsu fa, an auna su? Lokacin ɗaukar hoton rayuwarsu shi ne yanzu, kafin jirgin ya fara gudu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a matsayina na malami. A Nuwambar 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwambar 2025 aka soke. Shekara uku kacal, ba a kai ga buga littattafan ba balle a ga sakamako. Ni ina da ra'ayina, na ga yaron aji huɗu da ke rera karatun Turanci bai san me yake faɗa ba. Amma ra'ayina ba hujja ba ne. Yarbawa suna da tasu hujjar: gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da wasu yara da Yarbanci aka gwada su da sauran. Jigawa, inda kusan kowane yaro da Hausa ko Fulatanci yake shiga aji ɗaya, ita ta fi cancanta ta yi irin wannan gwaji da kuɗinta, a makarantu ashirin ko talatin, ta bi yaran har su gama. Sannan in an zauna taron ilimi na ƙasa, kwamishinanmu ya yi magana da takarda a hannu.

Na san an saba barin irin wannan aiki ga ƙungiyoyin waje. Sun taimaka, ba za a ci amanarsu ba. Amma tambayarsu suke tambaya, ba tamu ba, kuma ranar da suka ga dama suke naɗe tabarma. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cak a tsakiyar hanya. Kayan aro ba ya rufe katara. Tun 1980 a Legas shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan bincike, suka sabunta shi a Khartoum a 2006, har yau ba mu kai ba.

Don haka, cikin ladabi, ga roƙona.

Ya Mai Girma Gwamna, a kafa wa Jigawa asusun bincike nata na kanta, da doka, ba da sanarwar baki ba, don kada ya mutu da sauyin gwamnati. Legas ta yi irinsa, ta fara da naira miliyan 250. Namu ko bai kai haka ba, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A rubuta a cikin dokar cewa wani kaso tsayayye, ni dai da za a tambaye ni sai in ce sulusi, na binciken zamantakewa da halayya da harshe ne, ba za a karkatar da shi zuwa gini ko sayen mota ba. A bar ma'aikatu su kawo tambayoyin da suka dame su, lafiya ta kawo nata, ilimi da gona su kawo nasu, malamai su yi takara a kan amsawa. A kuma buɗe ƙofa ga malaman kwalejojin Gumel da Ringim da Haɗeja da Kazaure, har da malamin sakandare mai digiri na biyu in ya haɗa kai da wani a jami'a. Sunayen waɗanda suka samu da adadin da aka ba su a lika a fili, a karanta a rediyo.

Ga shugabannin TETFund, a ɗaga kason ilimin zamantakewa da harshe, a kuma keɓe wani rukuni ga sababbin makarantu da ƙananan malamai, su yi takara a junansu maimakon a haɗa ɗan tsako da shaho. A turo masu horar da rubutun neman tallafi su zo nan su kwana, ba a kira mutum biyu otal a Abuja ba. Kuma wanda zai yi bincike a kan Hausa, a yarda ya rubuta rahotonsa da Hausa.

Ga hukumar jami'armu ta Babura, na san sunanku fasaha, ba adabi ba. Amma na ga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da ta mutu cikin shekara guda, ba don injin ba shi da kyau ba, sai don ba a tsaya an gano wa zai riƙe makulli, wa zai tara kuɗin gyara, wace unguwa ce ba ta shan ruwa da wace ba. Ɗalibanku masu son ƙera manhajar da za ta ji Hausa, da muryar wa za su koya mata in ba a ɗauko ta daga bakin mutane ba? A buɗe 'yar cibiya, ko ɗaki biyu ne, ta nazarin jama'ar bakin iyaka, ta ƙulla zumunci da Jami'ar Bayero da jami'ar Damagaram da cibiyoyin Yamai da suka daɗe a wannan aiki, irin su IRSH da LASDEL. A nan za a riƙa ajiye kwafin duk wani bincike da aka yi a ƙasar nan, da muryoyin da aka ɗauka.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku, ku ne ƙofar da kowane mai tambaya yake bi. Ba mai shiga ƙauye sai da sanin hakimi da dagaci da mai unguwa. Ina roƙon ku sa sharaɗi ɗaya: duk wanda ya zo ya yi wa talakawanku tambayoyi, ya yi alkawarin dawowa ya faɗa musu abin da ya gano, da harshensu, a ƙofar fada ko a makarantar gari, ya kuma bar kwafi.

Wakilanmu kuma, lokacin kasafi ne ake gane mai ƙaunar mazaɓarsa. Layi ɗaya muke nema a cikin kundin.

Dattijon da na ba ku labarinsa ya rasu shekaru kaɗan bayan zuwanmu, Allah ya jiƙansa. Da zan tashi a ranar, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, in kun kai musu, ka dawo ka gaya min me suka ce." Ban koma ba, domin ba ni da abin faɗa. 'Ya'yansa suna nan a gidan, da sauran tsofaffin da ba su riga sun tafi ba. Ina roƙon ku sa wannan asusu a kasafin shekara mai zuwa, tun suna da rai.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon sauke nauyi.

Naku mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta, Babura.